Hakama da Zaren Ruwan Tudun Aduwa

Ga ta nan, ga ta nan, tana leƙenku ta bakin ƙofa.

Ku amsa mana. Yauwa: ta shigo, mu shimfiɗa mata tabarma.

To, ku matso. Sahura, janye bakin zanenki daga wajen murhun nan, tun ɗazu gabana ke faɗuwa. Basiru, in tarin ya taso ga ruwa nan a kofi.

Wai an yi wani gari ana ce da shi Tudun Aduwa. A garin akwai wata yarinya, Hakama, ita da uwarta su biyu rak. Ba saniya, ba akuya. Abin da suka mallaka 'yar gona ce, sai irin gero a cikin ɗan tulu.

A wannan shekara damina ta yi jinkiri. Ran nan uwar ta dubi gabas, ta ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Ta ce, "Hakama, ɗauko tulun nan. Binne za mu yi."

Ku yaran birni ba ku san binne ba. Shuka ce a busasshiyar ƙasa. Ka rufe iri, ka jira ruwa ya zo ya same shi. In ruwa ya zo, ka riga kowa. In bai zo ba, tururuwa su ja, zabi su tone, ka tashi ba iri ba gero.

Suka binne duka. Ko ƙwaya ba su rage ba.

Hadari ya zo ya tsaya a kan garin. Ya tsaya, ya tsaya, sai ya rabu biyu, rabi ya yi kudu, rabi ya yi arewa. Ya sake haɗowa, ya sake rabuwa. Ya kuma haɗowa har ana jin ƙanshin ƙasa daga maƙwabta, ya kuma rabuwa. Ko ɗigo bai sauka a Tudun Aduwa ba.

Uwar ta tare a bakin gona da kara a hannu tana korar zabi.

"Inna, ki zo ki sha kunu."

"Sha ke. In irin nan ya tafi, mu ma mun tafi."

Da sassafe Hakama ta fita neman ganye. A gindin wata giginya ta ga wani siririn abu yana ƙyalli a ƙasa kamar azurfa, irin sawun da katantanwa ke bari. Ta taɓa, ta ji danshi. A garin da ko raɓa babu! Ta bi sawun da ido, ta ga ya hau giginya. Ta ɗaure zane, ta hau. Ta hau, ta hau, giginya ta ƙare, sawu bai ƙare ba. Ta taka shi, ya ɗauke ta. Ta wuce shirwa tana shawagi. Ta wuce inda gajimare ke kwance kamar audugar da aka shiɓe. Ƙafarta ta daina nauyi, yunwarta ta kwanta, har ta manta ko tafiya take ko tafiya ake da ita.

Sai ga ta a wani gida wanda ba a ganin bangonsa.

Ko'ina ragaya ce rataye, ba a ganin abin da aka rataye ta a jiki. Kowace ragaya da ƙwarya a kai. Ƙore, ƙore, ƙore, har inda ido ya gaji, suna lilo a hankali kamar ana jijjiga jarirai. Tsakaninsu ma'aikata ne ke ta kai da kawo, masu fiffike da masu rarrafe, kowa da ɗan ƙyalle a baki, ba mai tsayawa gaisuwa.

A tsakiya wata tsohuwa ce zaune tana kaɗi, gashinta fari har ƙasa. Ita ce Magajiyar Ƙore, mai kula da gidan.

Hakama ta durƙusa. "Kaka, sannu da aiki."

"Yauwa, 'yar nan. Ƙafarki da ƙura. Daga wane gari?"

"Tudun Aduwa."

"To, sunan garinku yana jikin ƙwaryarku. A gidan nan ba a yawon nema. Faɗi sunan da ƙarfi."

Hakama ta ce, "Tudun Aduwa!" Sai wata ragaya ta sauko da kanta, ta tsaya daidai fuskarta. Ta leƙa. A ciki ɗan ƙyalle ne bai fi tafin hannu ba, saƙaƙƙe da zaruruwa kala-kala.

Magajiya ta ce, "Abin da ke jikin ƙyallen nan, shi ke sauka a garinku. Farin zaren nan nono ne, Balbela ke kawo shi. Ruwan ɗorawar nan zuma ce, aikin Ƙudan Zuma. Shuɗin nan iska ce, ta Tsattsewa."

Ku dai riƙe cewa tatsuniya ce. Ruwa na Allah ne, iska ta Allah ce. Kada wani ya je islamiyya gobe ya ce ni na faɗa.

Hakama ta duba, ta juya kai ta sake dubawa. Ta ce, "Kaka, ina zaren ruwa?"

Magajiya ta ajiye mazari. "Babu?"

"Babu."

"Ku kira mini Katantanwa!"

Aka jira. Aka jira. Can sai ga Inna Katantanwa tana jan jiki, ɗakinta a bayanta, zaren azurfa na bin ta. Tana tafe tana 'yar waƙarta:

"Sannu nake, sannu,
Ɗigo ɗaya, ɗigo ɗaya,
Wanda ya ji ƙishi ya jira ni."

Magajiya ta ce, "Ke, ina zaren ruwan Tudun Aduwa?"

"Ranki ya daɗe, na saƙa. Na rantse na saƙa, na zuba a ƙwaryar da kaina."

"To ina ya tafi?"

Nan aka zauna bincike. Ashe ga yadda aikin gidan yake. Ba a fitar da ƙyalle daga ƙwarya a yi masa ƙari, don in ƙwarya ta zauna wayam ko na ƙiftawar ido ne, garin zai wayi gari ba rana ba inuwa. Sai dai ma'aikaci ya leƙa, ya haddace saƙar, ya koma masaƙarsa ya saƙa sabo irinsa sak, ya ƙara nasa zaren. In ya dawo ya sauya, fit! Tsohon ya bi iska kamar hayaƙi. Kuma garuruwa sun yi yawa, hannu ɗaya ba zai iya ba, shi ya sa kowa ke aiki lokaci guda.

Tsattsewa tana saman ragaya tana gyaran fiffike. Magajiya ta ce, "Ke, yaushe kika leƙa ƙwaryar nan?"

"Ni? Na leƙa, na saƙa, na sauya. Ban ga wani zaren ruwa ba."

Katantanwa ta ce, "Ai ina bakin ƙwaryar da nawa a hannu kika wuce ni kamar walƙiya."

To kun ji. Tsattsewa ta leƙa kafin Katantanwa ta zuba. Katantanwa ta zuba nata mai ruwa. Tsattsewa ta dawo da nata wanda ta kwafo daga tsohon, ta sauya. Mai ruwan ya bi iska.

Tsattsewa ta ce, "Laifina ne da Allah ya yi ni da fiffike?"

Hakama ta ce, "Irinmu na cikin ƙasa. Zabi na tonewa."

Kunkuru mai gadin ƙofa ya matso, ya yi gyaran murya. "Ranki ya daɗe, ni da ma na sha faɗa. A rufe ƙofar gidan nan. Mutum ɗaya ya shiga, ya leƙa, ya saƙa, ya sauya, ya fito, sannan wani ya shiga."

Magajiya ta ce, "A gwada."

Aka fitar da kowa waje. Kunkuru ya rataya makulli a wuya, yana taƙama. Da yake maganar ruwa ake, aka ce Katantanwa ta fara shiga. Ta shiga. Ana jin waƙarta daga ciki: sannu nake, sannu. Layi ya miƙe a bakin ƙofa, ya yi tsawo, ya naɗe gajimare. A ƙasa kuwa, duniya ta tsaya cik. Iska ba ta kaɗa ba a ko'ina. Nonon shanu ya ƙafe. Fure ya buɗe ba mai ziyartarsa. Masu sheƙar hatsi suka ɗaga ƙwarya, ƙaiƙayi ya sauko tare da tsaba. Kukan garuruwa ya taso har sama, kamar kukan kasuwa daga nesa.

Magajiya ta toshe kunne. "Buɗe, Kunkuru, buɗe! Don gari ɗaya za mu kashe duniya?"

Aka buɗe. Ma'aikata suka ruɗa ciki. Katantanwa ko rabin saƙa ba ta kai ba.

Sai Hakama ta ce, "Kaka, in yi magana?"

"Yi, 'yar nan."

"A gidanmu, in Inna ta dama fura ba ta rufe ɗaki. Faifai take kifawa a kan ƙwaryar, kowa ya san da mai ita. Me zai hana kowa ya riƙe faifansa? Ƙwaryar da yake aiki a kai ya rufe ta, sauran ƙore a ci gaba."

Magajiya ta yi murmushi. "A gwada."

Aka raba faya-fayi. Kai, abin ya yi kyau da farko. Iska ta kaɗa, nono ya kawo. Hakama har da ɗan tsalle.

Ashe shanun Balbela za su tashi daga Tudun Aduwa su koma wani gari, Gangaren Ɗinya. Dole sai ta riƙe ƙore biyu, ta cire farin zare a nan ta ƙara a can. Ta kifa faifanta a ƙwaryar Tudun Aduwa, ta nufi ta Gangaren Ɗinya. Shi kuma Ƙudan Zuma, jama'arsa za su tashi daga Gangaren Ɗinya su koma Tudun Aduwa. Ya kifa nasa a can, ya nufo nan.

Suka yi kiciɓis a tsakiya.

"Malam Zuma, ɗage faifanka in wuce."

"Hajiya mai farin kaya, ke ki fara ɗage naki."

"Ni na riga rufewa."

"Ni ma na riga rufewa. Sai na gama zan buɗe."

"To ai ni ma sai na gama."

"To mu zauna."

"Mu zauna ɗin!"

Suka zauna. Balbela ta tsaya da ƙafa ɗaya, ta rufe ido. Zuma ya yi ta gunaguni. Ba mai gamawa sai ɗaya ya buɗe, ba mai buɗewa sai ya gama. Ga Inna Katantanwa a bayansu, ko leƙa ƙwaryar ba ta samu ta yi ba.

Yayanku Mahadi, da na ba shi labarin nan ran da ya zo hutu, dariya ya yi ta yi. Wai haka yake a cikin kwamfutar da suke karantawa, wai akwai ƙananan ma'aikata da yawa masu taɓa ma'aji guda, kowane kaya da sunansa, har su ma sukan yi irin wannan zaman. Ni dai ban sani ba. Na ce masa ya dai riƙa cin abinci, duk ya rame.

Hakama ta sunkuya ta leƙa ƙasa ta wata 'yar kafa a gajimare. Ta hango gonarsu kamar tafin hannu. Ta hango uwarta ta daina gudu, ta zauna, karan yana kwance a cinyarta. Zabi sun shiga ta gefen yamma suna tono. Hakama ta ji kunya, ta ji tsoro. Ta ce, "Kaka, shawarata ta ɓata. A kwashe faya-fayin nan."

Aka kwashe.

Tsattsewa ta sauko tana yanga. "Ku ji ta masu hankali. Ba rufe ƙofa, ba rufe ƙwarya. Duk wanda ya sauya ƙyalle ya bar alamarsa a bakin ƙwarya. Ni gashina, Balbela gashinta, Zuma ɗigon kakinsa. In ka zo leƙawa, ka dubi alamar. In ka dawo da saƙarka, ka sake dubawa. In wadda ka bari ce, sauya. In ta canza, wani ya riga ka. Warware, ka sake leƙawa, ka sake saƙawa. Ba mai jiran wani, ba mai share aikin wani."

Magajiya ta jinjina kai. "Bakinki da kaifi, amma kanki na ja. A gwada."

Wannan karon gida ya ɗauki kiɗa. Ƙore na lilo, ƙyallaye na sauyawa, fit, fit, fit. Ba abin da ya ƙara ɓata.

Inna Katantanwa ta leƙa ƙwaryar Tudun Aduwa, ta ga farin gashi. Ta ja jiki zuwa masaƙa. Ta saƙa, ɗigo ɗaya, ɗigo ɗaya. Ta jawo jiki ta dawo. Sai ta tarar da kakin zuma. Ta ce, "An riga ni." Ta warware.

Ta leƙa, ta koma, ta saƙa, ta dawo. Ta tarar da baƙin gashin Tsattsewa. "An riga ni." Ta warware.

Ta leƙa, ta koma, ta saƙa, ta dawo. Baƙin gashi ne dai, amma sabo, yana sheƙi. Ta daɗe tana kallonsa. Sai ta shige cikin ɗakinta. Waƙa ta mutu.

Hakama ta durƙusa, ta ƙwanƙwasa ɗakin da ɗan yatsa. "Inna. Inna Katantanwa."

Murya ta fito can ciki. "Koma gida, 'yata. Kafin in je in dawo, sun sauya ya fi a ƙirga. Har abada ba zan riske su ba."

"Inna, a garinmu tsohuwa ba ta zuwa rijiya. Tulunta take ajiyewa a ƙofar gida. Duk yarinyar da ta zo wucewa, ta haɗa da nata ta ɗebo. Ke ma bar saƙar nan. Kaɗa zarenki kawai, ki rataye a bakin ƙwarya. Wanda ya zo sauyawa ya haɗa da nasa."

Ƙahonnin Katantanwa suka leƙo. "Zarena? A hannun wani? Tun da aka rataye ragayar farko ba wanda ya taɓa shi. Kuma alamar wa za a gani a bakin ƙwarya? Ta waccan mai rawar kan?"

"Tata za a gani."

"To ni fa?"

"Ke ba za a ga taki ba, Inna. Gero dai zai tsiro."

Katantanwa ta juya ƙahonninta ta leƙa ƙasa ta kafar nan. Ta ga uwar Hakama a zaune, ta ga zabi sun cinye gefe guda sun nufi tsakiya. Ta yi ajiyar zuciya, ta ciro zarenta, ta miƙa. Hakama ta karɓa. Sanyi ne da shi, da nauyi kamar jiƙaƙƙen zane. Ta rataye a bakin ƙwarya.

Balbela ta zo ta gani, ta ce, "Zai ɓata mini farin kaya." Ta wuce. Zuma ya zo ya gani, ya ce, "In fiffikena ya jiƙe na mutu." Ya wuce. Tsattsewa ta zo ta gani, ta ce, "Ni baiwar tsohuwa ce?" Ta juya za ta tashi.

Hakama ta ce da Katantanwa, da ƙarfi yadda za a ji, "Inna, gaskiyarki. Da ma kin ce ba za ta iya ba."

Tsattsewa ta yi cak a iska. "Wa? Wa ba za ta iya ba?"

"A'a, ba komai, Yaya. Hira muke."

"Ke 'yar ƙasa, faɗi!"

"Cewa aka yi saurinki na busasshen zare ne. Iska ai ba nauyi gare ta ba, ko ɗan tsako ya ɗauka. Amma jiƙaƙƙe, sai manya."

Katantanwa ta buɗe baki za ta ce ita ba ta faɗa ba. Hakama ta ɗora mata hannu a baya.

"Ni?" in ji Tsattsewa. "Ni? Ku matsa!"

Ta leƙa ƙwarya, ta dubi alama, ta fizgi zaren azurfa. Nauyi ya ja ta ƙasa har cikinta na shafar gajimare. Ta cije, ta kai masaƙa. Shuɗi da azurfa, shuɗi da azurfa, ƙafafunta ba a ganinsu. Ta dawo tana haki, ta dubi alama, tana nan yadda ta bar ta. Fit!

Ƙwaryar Tudun Aduwa ta yi nauyi, ragayar ta yi ƙara. Ɗigo ya taru a gindinta, ya yi lilo, ya saki.

Tsattsewa ta ce, "Sai manya, ko? Kawo wani!"

Magajiya ta yi dariya har mazarinta ya faɗi. Ta ce, "Daga yau doka ce. Wanda ya tarar da zare rataye a bakin ƙwarya, ya haɗa da nasa kafin ya sauya." Ta dubi Hakama. "Ke kuma maza kama ɗigon can, kada ya tafi ya bar ki."

Hakama ta rungume ɗigon ruwa, suka sauko tare. Ta ratsa gajimare, ta ratsa iska mai ƙanshin ƙasa, ta dira a tsakiyar gonarsu, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya. Zabi suka watse. Uwar tana tsaye, ta ɗaga fuska sama, ruwa na bin kumatunta.

"Ke Hakama! Ina kika shiga tun safe, hankalina duk ya tashi?"

"Ganye na je nema, Inna."

"Ina ganyen?"

"Ban samo ba."

"Bar shi. Zo ki taya ni duba ramukan nan."

Suka bi kunya-kunya suna tonawa da yatsa. Gefen yamma babu komai, zabi sun gama da shi. Tsakiya, wani ramin da iri, wani babu. Gefen gabas kuwa yana nan cif, ƙwayoyin har sun fara kumbura. Uwar ta mayar da ƙasa ta rufe a hankali, ta danna da tafin hannu. Ta ce, "Wannan zai kai mu."

Shi ya sa har gobe, in hadari ya haɗo, za ku ga tsattsewa na shawagi ƙasa-ƙasa kamar za ta taɓa rufin ɗaki. Jiƙaƙƙen zare ne ke janta.

Ƙurunƙus kan ɗan zabo. Ƙarya ce na shirya muku, amma ku riƙe gaskiyar da ke ciki: in kuna aiki a kan abu guda, kafin ka ajiye naka, duba ko wani ya ajiye nasa. In kuma Allah ya ba ka sauri, ka tarar da kayan marar ƙarfi a hanyarka, haɗa da naka ka kai.

Sahura, tashi ki yayyafa wa garwashin nan ruwa. A'a, bari, ni zan yi da kaina.